Unguwar ce ta sa min teɓa, ko kwaɗayi ne kamar yadda maiɗakina ta ce?

Assalamu alaikum Hajiya. Ni magidanci ne ɗan shekara 41. Shekara uku ke nan da aka canza min wurin aiki, muka tare a wata unguwa ta bakin babban titi saboda hayar gidajenta da sauƙi. Da muka zo nauyina kilo 80 ne, yanzu ya kai 94, tsawona kuma mita 1.72. Daga inda nake sauka a mota zuwa ƙofar gidana, shagunan soye-soye da na lemo sun fi goma, amma in ana son kayan lambu ko 'ya'yan itace sai an yi tafiyar rabin awa a mota. Ba na dawowa gida sai bayan takwas na dare, sau da yawa ban ci abincin rana ba, sai in tsaya in sayi soyayyar kaza da dankali da lemon kwalba. In na shiga gida kuma in ci wanda aka ajiye min don kada ran maiɗakina ya ɓaci. A wurin aiki ma nakan sha kwalba ɗaya. Watan jiya likita ya ce sugana ya hau, ban kai ga ciwon ba amma ina bakin ƙofa. Na ce mu tashi daga unguwar, ita kuwa ta ce ba unguwa ba ce, kwaɗayi ne, ai ita ma a nan take zaune ba ta ƙara ko kilo ɗaya ba. Har mun fara samun saɓani a kan maganar. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Mu tashi ne?

Daga wani magidanci

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma daidaita tsakaninka da iyalinka.

Kada ka nemi motar kwasar kaya tukuna. Unguwar tana da hannu a cikin abin da ya same ka, ban musa maka wannan ba, sai dai ba ta fuskar da kake zato ba. Inda gidanka yake a taswira ba shi ne ya ɗora maka kilo 14 ba. Abin da ya ɗora maka su shi ne wannan 'yar tafiyar daga bakin titi zuwa ƙofar gida, ƙarfe takwas na dare, cikinka fayau tun safe, ga gajiya, ga ƙamshin mai mai zafi yana tarbar ka daga shago fiye da goma.

Hujjar da maiɗakinka ta kawo ita ce ta fi taimaka min wajen gane wannan, ko da yake ba abin da take so ta tabbatar ta tabbatar ba. Gaskiya ne gida ɗaya kuke kwana, amma ita tana ratsa wannan layin da dare bayan wuni guda ba ta ci komai ba? Ina kyautata zaton a'a. Ashe adireshinku ne ɗaya, abin da idonku da hancinku ke cin karo da shi a lokacin yunwa ba ɗaya ba ne. Rashin ƙibarta bai nuna kai makwaɗaici ne ba. Ya dai nuna cewa ana iya zama a wannan unguwar ba a yi teɓa ba, wannan kuwa labari ne mai daɗi a gare ka, domin gyara hanya ya fi canza gida araha.

Mu ɗan yi lissafi da alƙaluman da ka bayar. Likitoci kan raba nauyi da tsawo sau tsawo, su sami lambar da suke kira BMI. Daga 25 an shiga nauyin da ya wuce kima, daga 30 kuma teɓa ce. Da ka tare a unguwar kana kan 27, yanzu kana dab da 32. Amma duba yadda abin ya zo: kilo 14 cikin wata 36 bai cika giram 400 a wata ba. Ba wanda zai lura da giram 400. Sai ranar da wando ya ƙi ɗauruwa. Irin wannan ƙiba ba ta buƙatar mutum ya zama mai haɗama, ɗan ƙari ne kaɗan da ake maimaitawa kullum. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da teɓa, manya kusan miliyan 890, kuma kason manya masu teɓa ya ninka fiye da sau biyu tun 1990. Da wuya a ce mutanen duniya ne suka haɗa baki suka zama makwaɗaita cikin shekara talatin. Abin da ke kewaye da su ne ya canza, abinci mai maiƙo da zaƙi ya yi araha, ya matso kusa, ya kuma daina rufe shago da dare.

Akwai binciken da ya yi kama da rayuwarka ƙwarai. Masana a jami'ar Kambirij ta Ingila sun wallafa shi a 2014, a kan manya 5,442. Ba su tsaya ga ƙirga shagunan abincin saya-ka-tafi da ke kusa da gidajen mutanen ba, sun ƙirga na kusa da wurin aikinsu da na hanyar da suke bi tsakanin gida da aiki. Waɗanda suka fi kowa cin karo da irin waɗannan shaguna sun fi cin abincinsu, kuma yiwuwar su kasance masu teɓa ta kusa ninka ta waɗanda ba su cika cin karo da su ba. Abin da na fi so ka riƙe shi ne, shagunan sun fi yawa a kewayen wurin aiki fiye da kewayen gida. Irin wannan bincike ba ya iya rantsewa cewa shagunan ne suka haddasa ƙibar, tunda su ma masu shago sukan bi inda masu saye suke, amma ya nuna cewa unguwar mutum ta fuskar ci ita ce duk inda ƙafarsa ke takawa a wuni.

Shi kansa abincin ma ba ɗan goyo ba ne. A 2019 wani masani mai suna Kevin Hall a cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ya ajiye manya 20 a asibitin cibiyar har mako huɗu. Mako biyu ana ba su abincin da masana'anta ta sarrafa ƙwarai, mako biyu kuma wanda aka dafa daga ɗanyen kaya. An daidaita suga da mai da sauran sinadaran da aka ajiye a gabansu, aka ce kowa ya ci iya cikinsa. A makonnin abincin masana'anta sun riƙa cin ƙarin kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) wajen 500 a rana, suna kuma ci da sauri, suka ƙara kusan kilo ɗaya. A ɗaya makonnin suka sauke kusan kilo ɗaya. Mutanen ba su canza ba, halinsu bai canza ba, abin da ke cikin farantin ne kawai ya canza. In maiɗakinka ta sake cewa kwaɗayi, ka karanta mata wannan, amma cikin raha.

To me ya sa duk da haka na ce kada ka tashi? Domin an gwada canza wa mutane unguwa, sakamakon bai yi armashi kamar yadda aka sa rai ba.

Shekaru da dama ana ganin cewa matsalar unguwannin talakawa ita ce rashin babban kantin da ke sayar da kayan lambu, in aka kawo shi ci zai gyaru. A birnin Filadalfiya na Amurka an buɗe irin wannan kanti a wata unguwa da ba ta da shi, masu bincike suka bi mazauna wurin kafin buɗewa da bayanta, suka fitar da sakamako a 2014. Mutane sun ce lallai yanzu abinci ya fi sauƙin samu. Amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka mai da shi kantinsu na yau da kullum, cin kayan lambu da 'ya'yan itace bai ƙaru ba, nauyin jiki bai motsa ba. A kudancin birnin Los Anjalas na Amurka kuma ta ɗaya ɓangaren aka ɓullo: a 2008 aka hana buɗe sabbin gidajen abincin saya-ka-tafi da ke tsaye su kaɗai, ba a cikin rukunin shaguna ba. Da aka duba bayan 'yan shekaru, ƙiba ta ƙaru a yankin fiye da sauran sassan birnin. Dokar ba ta taɓa tsofaffin shagunan ba, ba ta kuma taɓa ƙananan kantunan da ke sayar da lemo da kayan ƙwalama ba. Sai kuma wasu masana tattalin arziki a 2019 da suka bi sayayyar dubban gidaje a Amurka, suka ƙiyasta cewa ko da an ba masu ƙaramin ƙarfi kaya iri ɗaya a farashi ɗaya da masu hali, gibin ingancin abinci tsakaninsu da kashi 10 cikin ɗari kawai zai ragu. Ragowar tana cikin abin da mutum ya saba ci, da abin da ya iya dafawa, da lokacin da yake da shi.

Don in yi maka adalci, akwai gwajin da ƙaura ta yi amfani. Tsakanin 1994 da 1998 gwamnatin Amurka ta yi ƙuri'a tsakanin mata kusan 4,500 masu 'ya'ya da ke zaune a unguwannin da talauci ya yi wa katutu a birane biyar, ciki har da Shikago da Bostan. Waɗanda ƙuri'a ta faɗa kansu aka ba su tallafin haya don su koma unguwanni masu dama-dama. Bayan fiye da shekara goma aka auna su, aka tarar matsananciyar teɓa da ciwon suga sun yi ƙasa a cikinsu da wajen mutum huɗu zuwa biyar cikin kowane ɗari. Ba ƙaramin abu ba ne. Amma waɗannan mata ba shagunan abinci kaɗai suka bari ba, sun bar tsoro da rashin tsaro da wurin da ba a iya fita yawo. Kai kuwa in ka koma unguwar da haya ta fi tsada, ka ci gaba da tsallake abincin rana, kana dawowa takwas na dare, an gudu ba a tsira ba. Soyayyar kaza tana nan a kowace tasha, kuɗin da za ka sayi kayan lambu da su kuma mai gidan haya ya karɓe.

Saboda haka mu koma kan wuninka, mu bi shi daga inda ya fara karkacewa. Ba da dare ya karkace ba, da rana ne. Mutumin da ya wuni bai ci ba, in ya iso gaban kaskon suya ba shi ke yanke hukunci ba, yunwa ce. Abu na farko da nake so ka yi, kafin ka hana kanka komai, shi ne ka ƙara ci: abincin rana na gaske, kowace rana ta aiki. Mafi sauƙi, a zuba maka daga girkin dare a mazubi mai murfi ka tafi da shi. Ya ƙunshi abin da ke riƙe ciki, wake ko ƙwai ko kifi ko nama, da ganye, ba zallar shinkafa ko burodi ba. Sannan ka ajiye ɗan abu a jaka don wajen ƙarfe biyar ko shida, ayaba ko lemu ko dafaffen ƙwai ko tafin hannu guda na gyaɗa. Ka ci shi kafin ka hau mota, ko ba ka ji yunwa ba. Za ka ga layin nan da kake tsoro ya rage ƙarfi, alhali ba shagon da aka rufe.

Sai lemon kwalba, wanda a ganina shi ne babban ɓarawon. Kwalbar rabin lita ta irin lemon da aka fi sha tana ɗauke da suga sama da giram 50, wajen ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na kalorin da mutum ke ci a rana, wato wajen giram 50 ga matsakaicin babba, in da hali ma a rage zuwa rabin haka. Kwalba ɗaya ta cinye kason yini, kai kuma biyu kake sha, kalori sama da 400 da ba sa sa ka ƙoshi ko kaɗan. Ruwan 'ya'yan itace na kwali ba mafita ba ne, sugansa na cikin wannan lissafin. In ba za ka iya yanke shi lokaci guda ba, fara da na dare, ka riƙe gorar ruwa mai sanyi a hannu lokacin da kake sauka daga mota. Hannun da ke riƙe da abin sha bai cika miƙa kuɗin wani ba.

Ka kuma duba hanyar kanta. Akwai layin baya da ke kai wa gidanka? Za ka iya sauka tasha ɗaya kafin taka, ka biyo ta wani gefe? In har wurin da tsaro da haske, ka jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ka kauce wa ƙamshin, ka kuma samu tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin a ƙafa. Ba tsoro ba ne kauce wa abin da ka san yana kayar da kai. Na fi yarda da mutumin da ya canza hanya fiye da wanda ke rantsuwa kullum cewa yau zai wuce bai tsaya ba.

Ranar da dole sai ka saya, don irin wannan rana za ta zo, ka yanke shawara tun kana cikin mota: gasasshe maimakon soyayye in akwai, ƙaramin kaso, ba lemo, kuma ka kira gida ka ce kada a ajiye maka. Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi tsaya min a rai a wasiƙarka, cin abincin dare sau biyu don kada ranta ya ɓaci. Ɗan'uwa, ta san kana yin haka? Ina zargin ba ta sani ba. Tana ganin miji ya shigo ya share faranti, tumbi kuma na ƙaruwa, me za ta kira shi in ba kwaɗayi ba? Ka zaunar da ita a lokacin da ba a cikin gardama, ka faɗa mata yadda wuninka yake daga safe zuwa dare, har da abin da kake saye a hanya da dalilin da ya sa kake ci a karo na biyu. Ka janye maganar ƙaura a wannan zaman, domin ita ce ta sa ta ja daga. Wataƙila abin da ta ji a ciki shi ne za a raba ta da maƙwabtanta da makarantar yara saboda soyayyar kaza. Ka nemi taimakonta a kan abubuwa ƙanana da za ta iya cewa to: mazubin abincin rana, da ragin abin da ake zuba maka da dare, rabin farantin ya zama ganye da kayan lambu. Ita ma ina roƙonta, in wannan amsa ta kai gare ta, ta ajiye kalmar kwaɗayi. Gori ba ya rage nauyi, abin da yake koya wa mutum shi ne ci a ɓoye.

Nisan kasuwa matsala ce ta gaske, amma ta sau ɗaya a mako ce. Ku ware rana ku je tare ko ɗayanku ya je, a sayo abin da ke jure ajiya: kabeji, karas, albasa, busasshen wake, lemu, ƙwai. Masu saurin lalacewa a fara da su a kwana biyun farko. In kuna da firji mai ƙanƙara, kayan lambun da aka daskarar ba su gaza ɗanye a amfani ba, kada ku raina su. Mizanin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana ga kowane babba. Ku ajiye 'ya'yan itacen a inda ido zai fara sauka in an shigo, biskit da lemo kuwa kada su kwana a gidan. Shagunan titi ba ku da iko da su, amma abin da ke kan teburinku da cikin firjinku ku ne hukumarsa. Ba laifi kuma ka yi wa mai shagon da ke kusa da ku magana cewa in ya kawo ayaba ko tumatir za ku riƙa saye, ka sa maƙwabta biyu ko uku su faɗa masa haka. Ɗan kasuwa ba ya gaba da kayan lambu, asara yake gudu.

Kada ka ɗora wa kanka komawa kilo 80 nan da wata uku. Wani babban gwaji da aka yi a Amurka kan mutane sama da 3,000 masu irin matsayinka, suga ya hau amma bai zama ciwo ba, ya sa musu buri biyu: rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, da motsa jiki na minti 150 a mako, galibi tafiya da sauri. Sakamakon da aka fitar a 2002 ya nuna kamuwa da ciwon suga ya ragu da kashi 58 cikin ɗari cikin kusan shekara uku, fiye da abin da maganin suga mai suna metformin ya yi a gwajin. A jikinka kashi 7 bai cika kilo 7 ba. Ka samu tef ɗin tela ka riƙa auna ƙugunka ta wajen cibiya, burin shi ne ya dawo ƙasa da rabin tsawonka, wato santimita 86. Barci ma ka ba shi haƙƙinsa, don wanda bai samu isasshen barci ba yunwarsa ta fi ƙarfi, kuma zaƙi da maiƙo take nema.

Ka koma wurin likitanka bayan wata uku a sake gwaji. Ka tambaye shi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, a kuma auna hawan jini. In kafin lokacin ka fara yawan ƙishirwa, ko yawan fitsari da dare, ko ganinka ya fara dishi-dishi, kada ka jira wata ukun.

Maganar ƙaura kuwa ban binne ta ba, na ɗage ta ne zuwa lokacin da hayarku za ta ƙare. In a lokacin kuka sami gidan da kuɗinsa bai fi ƙarfinku ba, kuma ya rage maka nisan wurin aiki har ka riƙa isowa gida kafin bakwai ka ci abinci tare da yara, wannan dalili ne mai ƙarfi, ya ma fi kusancin kasuwa ƙarfi. Kafin ku biya ko sisi, ka je unguwar a daidai lokacin da kake tashi daga aiki, ka sauka a inda za ka riƙa sauka, ka taka zuwa ƙofar gidan ka ga abin da ake sayarwa a hanya. Ka tafi da maiɗakinka ranar, ita ma ta gani da idonta.